Nakasa da Kammala Sakandare: Tambayoyin da Iyaye, Malamai da Ɗalibai Suka Fi Yi

Yaro mai nakasa kan shiga ajin farko na sakandare tare da sa'o'insa, amma in aka zo ranar rabon sakamako sai a nemi sunansa a rasa. Tambayoyin da ke ƙasa suna bin sawun abin da ke faruwa tsakanin waɗannan ranaku biyu. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sun yi tsawo saboda a nan ne aka fi yin kuskure.

Shin da gaske ɗalibai masu nakasa sun fi sauran barin makaranta kafin su gama?

Da gaske ne, kuma ba a ƙasashe matalauta kaɗai ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya duba ƙasashe 51, ya gano cewa kusan kashi 51 cikin ɗari na maza masu nakasa ne suka gama firamare, alhali marasa nakasa sun kai kashi 61. A wajen mata, kashi 42 ne da kashi 53. Tun kafin a iso ƙofar sakandare ke nan an riga an zubar da wasu a hanya.

A 2021 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wato ɗaya cikin kowane goma. Yiwuwar irin wannan yaro bai taɓa shiga aji ba ta ɗara ta sauran yara da kashi 49 cikin ɗari, yiwuwar ba ya babbar sakandare kuma ta ɗara da kashi 27. Kada wannan 27 ɗin ya ruɗe ka ka ce abin yana sauƙi a sama. A nawa fahimtar, tazarar ta ragu ne saboda a wannan mataki marasa nakasa su ma suna watsewa da yawa.

Ko a Amurka, inda doka ta tilasta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro tun 1975, a shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020 kashi 87 cikin ɗari na ɗalibai ne suka gama sakandare a kan lokaci, amma masu nakasa kashi 71 ne.

Yaron da ya gama firamare lafiya, me zai hana shi gama sakandare?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi. Nakasar yaron galibi ba ta canza ba tsakanin aji shida da aji ɗaya na sakandare. Makarantar ce ta canza.

A firamare malami ɗaya ke riƙe da aji kusan duk yini. Cikin mako biyu ya san wanda ba ya gani daga baya, ya san wadda sai an maimaita mata magana, ya kuma gyara zamansu ba tare da an rubuta masa takarda ba. A sakandare kuwa malamai goma ko fiye ne ke shiga suna fita, kowa da mintinsa arba'in, kowa da manhajar da yake son ya ƙare kafin jarrabawa. Abin da malamin lissafi ya gane game da yaron, malamin tarihi bai san shi ba, kuma ba lallai su taɓa zama su yi maganar ba. Sai ya zama yaron ne da kansa zai riƙa bayyana matsalarsa sau goma, a shekarun da ba abin da matashi ya ƙi kamar a nuna shi daban a gaban abokansa. Da yawa sai su zaɓi yin shiru.

Sai gini da nisa. Makarantun sakandare sun fi na firamare ƙaranci, don haka sun fi nisa da gida. Yaron da mahaifiyarsa ke goya shi zuwa firamare yana ɗan shekara bakwai, ba ta iya ɗaukarsa yana ɗan sha huɗu. In ya iso, ɗakin gwaje-gwaje yana bene, ɗakin karatu yana wani benen, banɗaki kuma ƙofarsa ba ta shigar keken guragu. Akwai ɗaliban da ke ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su a makaranta. Wanda ke fama da ƙishirwa da ƙarfe ɗaya na rana ba ya jin abin da ake koyarwa.

Na uku, yanayin karatun kansa. A firamare ana koyon karatu ne. A sakandare an ɗauka ka riga ka iya, yanzu da shi za ka koyi komai. Wanda karatunsa ke tafiyar hawainiya zai faɗi tarihi da kimiyya da labarin ƙasa, ba don bai fahimce su ba, sai don bai kai ƙarshen shafin ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke korar yaro a rana guda. Taruwa suke yi: fashin kwana biyu a wannan mako, darasin da ya wuce ba a maimaita ba, maimaita aji, sai ya ga ya girmi 'yan ajinsu da shekara uku. Ranar da ya ce ba zai koma ba, kowa zai ce shi ne ya gaji.

Wace irin nakasa ake magana? Ɗana lafiyarsa ƙalau a ido, amma karatu ya gagare shi.

Ba sai an ga sanda ko keke ba. Akwai matsalar da ake kira disleksiya, inda ƙwaƙwalwa ke wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, ko da yaron mai kaifin basira ne. Akwai matsalar kasa tattara hankali wuri ɗaya, akwai raunin ji ko raunin gani da bai kai kurumta ko makanta ba, akwai ciwon damuwa da fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko daidai shekara 14, wato tsakiyar zaman sakandare.

Waɗannan su ne aka fi zalunta, domin makaho ba a ce masa malalaci, amma mai disleksiya kullum sunansa daƙiƙi ko maras mai da hankali. Alama ɗaya da ya kamata ta tsayar da kai: in ka karanta wa yaro tambaya da baki ya amsa daidai, amma in ka ba shi ita a takarda ya kasa, to ba ilimin ne babu ba. A fara da gwajin ido da na kunne, domin su ne mafi sauƙi kuma an fi mantawa da su. Yara nawa aka yi wa bulala shekara da shekaru, alhali tabarau kawai suke buƙata?

Ɗalibi makaho zai iya lissafi da kimiyya, ko gara a mai da shi fannin adabi?

Zai iya, kuma an daɗe da tabbatar da haka. Nicholas Saunderson ya makance yana jariri sakamakon agana, amma a 1711 ya hau kujerar farfesan lissafi a Jami'ar Kambirij, kujerar da Isaac Newton ya taɓa zama a kai. Abraham Nemeth, Ba'amurke da aka haifa makaho, an shawarce shi da ya bar lissafi ya karanci wani fanni. Ya bi shawarar, daga baya ya dawo kan abin da yake so, kuma a 1952 aka fitar da tsarinsa na rubuta alamomin lissafi da rubutun makafi, wanda har yau ake amfani da shi.

Matsalar tana wajen kayan aiki da bakin malami. Rubutun da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a 1824, yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne kawai a kowane gida, suna ba da siffofi 63. Sun ishi haruffa, amma lissafin sakandare yana da alamomi barjat, don haka sai an koyi tsari na daban, kuma malaman da suka iya shi ba su da yawa. Zane-zane, taswira da jadawali sai an mai da su masu tudu da yatsa zai bi. Littafi guda na masu gani yakan zama mujalladai da dama a rubutun makafi, kuma sau da yawa yakan iso bayan an yi nisa a zangon karatu. Saboda wannan yunwa ta littattafai ne aka ƙulla yarjejeniyar Marakesh a Maroko a 2013, wadda ta ba da damar juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa, har a tsallaka da shi wata ƙasa, ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba.

Bakin malami kuwa, saurari yadda ake koyar da lissafi: "Ka ɗauki wannan ka kai can, ka raba da wancan, sai ka samu wannan." Ga mai kallon allo magana ce cikakkiya. Ga makaho ba a ce komai ba. Malamin da ya saba faɗin abin da yake rubutawa da sunansa ya rage rabin wahalar ba tare da an sayi ko allura ba, kuma masu gani da ke bayan aji su ma sun amfana.

Kurma fa? Tunda yana gani, ai zai karanta littafi ya cike gurbin abin da bai ji ba.

Nan ne mutane suka fi ɓata lissafi. Rubutu hoton magana ne. Mai ji yana zuwa makaranta da dubban kalmomin da ya tsinta a gida ba tare da an koya masa ba, sai kawai a nuna masa yadda ake rubuta su. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma yawancin iyayen ba su iya maganar hannu ba. Yaro yakan kai shekara shida ko bakwai ba shi da cikakken harshe ko ɗaya, na baki ko na hannu. Wannan giɓi ne ke bin sa har sakandare, inda ake so ya karanta dogon bayani a harshen da bai taɓa jin sautinsa ba.

Karanta leɓe ba ya cike wannan giɓi. Tsaya gaban madubi ka ce "baba", ka ce "mama", ba tare da sauti ba: leɓenka abu ɗaya ya yi. Sautuka irin su k da g da ƙ can cikin baki suke, ido ba ya kai wa gare su, balle hawa da saukar murya. Sannan malami na juya baya ya fuskanci allo, zancen ya yanke. Na'urar ƙara ji tana taimakon wasu, amma tana ƙara ƙarar hayaniyar aji tare da muryar malami.

An yi asarar kusan ƙarni guda a kan wannan batu. A taron Milan na 1880 a Italiya, masu koyar da kurame, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta magana da baki. Sai a 1960 masanin harshe William Stokoe ya nuna cewa maganar hannu ta Amurka harshe ce mai nahawunta. Kuma ba guda ɗaya ba ce a duniya: ta Amurka da ta Birtaniya sun sha bamban duk da cewa ƙasashen biyu Turanci suke yi. Abin da ɗalibi kurma ke buƙata a sakandare shi ne tafinta ko malami da ya ƙware sosai, wanda zai iya bayyana da hannu yadda tsiro ke haɗa abincinsa, ba wanda ya iya gaisuwa da haruffa kawai ba.

Ɗiyata tana da sikila, kullum tana asibiti. Wannan ma nakasa ce?

In ciwo mai daɗewa yana hana ta karatu daidai da sauran, to ya shiga, ko da me aka kira shi. Abin da ke cin masu sikila, farfaɗiya, asma mai tsanani ko ciwon ƙoda shi ne fashi. Sakandare kamar tsani take: wanda ya rasa mako uku a lissafi ya dawo ya tarar an gina darasi biyar a kan wanda bai gani ba. Ki nemi makaranta ta sanya mutum ɗaya da zai riƙa tattara mata aikin kowane darasi in ta kwanta, a bar ta ta sha ruwa ta fita banɗaki ba sai ta roƙa ba, kada kuma a tsayar da ita a rana ko cikin sanyi da sunan horo, domin ƙishirwa da sanyi suna tayar da ciwon. In kin ga karatunta ya ja baya kwatsam, ki gaya wa likita: sikila kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a jiki ba.

Farfaɗiya kuwa, tsoron mutane ya fi ciwon korar yara daga aji. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji wa yaron rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a nemi taimakon likita in ta wuce minti biyar. Kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai.

Ƙarin lokaci a jarrabawa ba fifiko ba ne a kan sauran ɗalibai?

Tambayi kanka me jarrabawar ke aunawa. In ta kimiyyar sinadarai ce, sani take nema, ba saurin yatsa a kan ɗigo ba. Karatu da rubutun makafi ya fi karatun ido cin lokaci. Wanda hannunsa ke rawa zai rubuta shafi ɗaya a lokacin da wani ya rubuta uku. In aka ba su lokaci ɗaya, nakasar aka auna, aka rubuta sakamakon a matsayin iliminsu.

Abubuwan da hukumomin jarrabawa kan amince da su sun haɗa da ƙarin lokaci, hutu a tsakani da ba a lissafa shi, takarda mai manyan haruffa ko ta rubutun makafi, mai karanta tambaya, mai rubuta amsa, kwamfuta, tafinta don umarnin mai sa ido, da ɗaki na daban. A Ingila ƙarin da aka fi bayarwa shi ne kashi 25 cikin ɗari na lokacin, kuma ana iya ƙarawa ga masu buƙata mai tsanani. Tambayoyin ba sa canzawa, ma'aunin maki ma haka.

Akwai iyaka, kuma gaskiya ne a faɗe ta. Ba a sauƙaƙa ainihin abin da ake gwadawa. Sannan ba kowane taimako ne taimako ba. Mai rubuta amsa da bai san darasin ba zai iya kashe ɗalibi: a faɗa masa alamar lissafi ya rubuta wani abu daban. Wanda ya san darasin fiye da kima kuma yana iya gyara amsa, ya jawo zargi. Kuma faɗar amsa da baki wani ya rubuta fasaha ce da sai an koya. Ɗalibin da aka haɗa shi da marubuci karon farko a zauren jarrabawa, an ba shi sabon nauyi ne da sunan sauƙi.

Yaushe ya kamata a fara neman waɗannan gyare-gyare?

Shekara biyu kafin jarrabawar ƙarshe bai yi wuri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar rubutun makafi sai an yi odarta watanni kafin lokaci, kuma galibi makaranta ce ke nema lokacin rajista, ba iyaye ba. In wanda ya cike fom ɗin bai sa alama a gurbin da ya dace ba, ranar jarrabawa mai sa ido ba shi da ikon ƙara ko minti ɗaya, komai kukan da za a yi.

Hukumomi da dama suna neman shaidar cewa haka ɗalibin ya saba aiki a aji. Don haka a tabbatar yana samun ƙarin lokacin a gwaje-gwajen makaranta tun yanzu, a ajiye takardun likita da na gwaji, a kuma riƙe kwafin duk wasiƙar da aka rubuta wa makaranta. Alkawarin baki yana tafiya tare da shugaban makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki.

Makaranta ta musamman ta fi, ko ta kowa da kowa?

Duniya ta karkata ga haɗa yara wuri ɗaya tun sanarwar Salamanca ta 1994 a Sifaniya, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita. Hujjar mai ƙarfi ce: makarantun musamman kaɗan ne, suna da nisa, da yawansu ba sa kai ɗalibi har jarrabawar ƙarshe, kuma yaron da ya tashi a keɓe zai fito ya tarar da duniyar da ba a keɓe take ba.

Amma ajiye yaro a kujerar baya cikin ɗalibai tamanin, babu littafinsa babu mai jin harshensa, ba haɗawa ba ce. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa da kansa ya bambance a 2016 tsakanin shigar da yaro aji ya yi ta kansa, da gyara ajin ya dace da shi. Kurame da yawa suna fifita makarantar da kowa ke maganar hannu, kuma ina ganin suna da gaskiya: a can ne suke da abokan hira. Ni dai ba na tambayar sunan makaranta. Ina tambaya: ɗalibai irin wannan yaro nawa suka zauna jarrabawar ƙarshe a nan bara, kuma me suka samu? In an kasa ba ka amsa, ka samu amsarka.

Me doka ta ce?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta ce a sashe na 24 ba za a hana yaro firamare ko sakandare saboda nakasa ba, kuma dole a yi masa gyaran da ya dace da buƙatarsa. Fiye da ƙasashe 180 sun rattaba hannu sun tabbatar da ita. Ƙasashe kuma suna da nasu dokokin: Birtaniya ta 2010, Indiya ta 2016 wadda ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben manyan makarantun gwamnati, Najeriya wadda aka sa wa hannu a farkon 2019.

Doka a takarda ba ta gina gangara a bakin aji, amma tana canza yadda ake magana: mai roƙo ya zama mai neman haƙƙi. Judith Heumann, wadda shan-inna ya kama tana jaririya, an hana ta shiga makaranta a birnin New York tana 'yar shekara biyar da hujjar cewa kekenta haɗari ne in gobara ta tashi. A 1970 aka hana ta lasisin koyarwa da irin wannan hujja. Ta kai ƙara, ta samu lasisin, ta koyar.

Yarinya mai nakasa ta fi namiji fuskantar matsala?

Ƙwarai. Balaga tana zuwa daidai lokacin sakandare, kuma makarantar da ba ta da banɗakin da za ta iya shiga ta kula da kanta lokacin al'ada tana rasa ta kwanaki a kowane wata. Ga tsoron cin zarafi a hanya ko a makarantar kwana, wanda ba tsoron banza ba ne: nazarin da aka buga a 2012 da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yara masu nakasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu. Iyaye da yawa kan ajiye ta a gida don kariya. Ana fahimtar dalilinsu, sai dai yarinyar da ba ta iya karatu ba, ba ta da ƙawaye, ba ta san wanda za ta kai wa ƙara ba, gidan ma bai kare ta ba.

An ce a rage masa darussa, ko a ba shi takardar shaida ta daban. Mu yarda?

Ku tambaya tukuna: wannan takarda wace ƙofa take buɗewa? A wasu ƙasashe akwai shaidar halartar makaranta wadda ba daidai take da ta kammalawa ba, jami'a ba ta karɓarta, masu ɗaukar aiki da yawa ma haka. Ga ɗalibi mai raunin fahimta sosai, manhajar da ta mai da hankali kan sana'a da dogaro da kai tana iya zama mafi alheri, ba abin kunya ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukuncin saboda sauƙin makaranta. In aka cire wa makaho lissafi a aji uku don babu malami, an rufe masa kwasa-kwasai masu yawa yana ɗan shekara 14, shi kuma ba zai gane ba sai ranar da ya zo cike fom ɗin jami'a. Gara ya ƙara shekara ya gama da cikakkun darussa. Kuma a zauna da shi kafin a yanke: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Waya da kwamfuta ba su magance yawancin wannan ba?

Sun rage da yawa. Wayoyin zamani suna zuwa da manhajar karanta allo, TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, kuma NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar, kyauta ce a kwamfuta. Amma hoton shafi ba rubutu ba ne, manhajar ba ta karanta shi sai an juya shi, kuma harsuna da yawa ba su da murya mai kyau. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ba sa samun kayan taimakon da suke buƙata. Sai kuma dokar hana waya a makaranta, wadda kan haɗa da ɗalibin da wayar ce idonsa. Makaho da ya dogara da sauraro kaɗai, bai koyi rubutun makafi ba, yakan sha wahala a ƙa'idar rubutu da lissafi.

Ya gama sakandare. Shi ke nan an tsallake?

Nan wani rami yake. A makaranta manya ne ke nema masa taimako. A jami'a ko wurin aiki shi ne zai je da ƙafarsa ya bayyana nakasarsa, ya kawo shaida, ya faɗi abin da yake buƙata. Wanda iyaye suka yi masa magana shekara goma sha biyu yakan tsaya a ofis bai san ta inda zai fara ba. Saboda haka dokar Amurka ta wajabta a fara rubuta shirin abin da zai biyo bayan makaranta kafin ɗalibi ya wuce shekara 16, a kuma gayyace shi zaman. Ingila ta miƙa tsarin tallafinta har shekara 25 ga wanda ke cikin karatu ko koyon sana'a. Ko inda babu irin wannan doka, iyaye za su iya kwaikwayon dabarar: a shekaru biyun ƙarshe, a bar shi ya riƙa yi wa sabon malami bayani da kansa, ya koyi zuwa wuri shi kaɗai, ya riƙe takardunsa.

Ya riga ya bar makaranta shekara biyu da suka wuce. Akwai sauran dama?

Akwai. Yawancin hukumomin jarrabawa suna karɓar mai zaman kansa, kuma yana da haƙƙin gyare-gyaren da ɗan makaranta ke samu, sai dai shi zai nema da kansa lokacin rajista. Akwai azuzuwan manya da karatu daga nesa. Amma a fara gano abin da ya fitar da shi. In matakala ce, ko tsangwamar 'yan aji, ko karatun da bai zauna ba tun firamare, kuma aka mai da shi wuri ɗaya ba tare da an taɓa dalilin ba, to zai sake fitowa, wannan karon da tabbacin cewa laifinsa ne.

Ni malami ne, ba ni da horo kan wannan, aji kuma cike yake. Me zan iya yi gobe da safe?

Kira ɗalibin gefe, ba a gaban aji ba, ka tambaye shi abin da ke ba shi wahala a darasinka da abin da wani malami ya taɓa yi da ya taimake shi. Sau da yawa amsar ƙarama ce har za ta ba ka mamaki. Faɗi abin da kake rubutawa a allo da sunansa. Kada ka yi magana kana fuskantar allo. In wani ya yi tambaya daga baya, maimaita ta kafin ka amsa. Ba shi bayanan darasi kwana ɗaya kafin lokaci, ko ka bar shi ya ɗauki hoton allo ko ya naɗi muryarka. Kada ka tilasta wa mai disleksiya karatu da ƙarfi ba shiri. In ajinka yana bene kuma akwai ɗaki a ƙasa, nemi a musanya. Ka gyara aikinsa da ma'aunin da kake gyara na kowa, domin makin tausayi ba ya bin sa zauren jarrabawa. Sannan ka rubuta abin da ya yi aiki a rabin shafi, ka miƙa wa sauran malaman da ke shiga ajin, da kuma wanda zai cike fom ɗin rajistar jarrabawa.